Kafin A Buga Sabon Silin, A Sauke Tsohon

  Yau za mu ɗan jingine maganar jigo da salo da warwarar labari, mu ɗaga kai mu dubi abin da ke samanmu, wato rufin ɗakin da muke zama a ciki mu yi rubutun. Kada wani ya ce wannan ai hirar kafintoci ce. Ku biyo mu, za ku ga inda ta shafe mu.

Duk wanda ya bi titin Wudil ya shiga Gaya, ko ya wuce Ajingi, daga ƙarshen kaka zuwa farkon bazara, abu ɗaya zai yi ta cin karo da shi a unguwanni da ƙauyuka: gyaran ɗaki. An sayar da gyaɗa da riɗi da wake, kuɗi sun shigo hannu, ga bukukuwa sun kankama. Kafinta na kan tsani, bandir ɗin kwano na jingine da katanga, an sauke silin ɗin roba fari fes daga bayan mota. Kwana biyu ko uku, ɗakin da ya shekara 20 yana shan hayaƙi da ƙura ya koma kamar ɗakin otal. Daga Kademi har Toranke haka abin yake. Abin da ba kasafai za ka gani ba shi ne tarin tsohon silin a ƙofar gida, domin ba a sauke shi ba. Yana nan a sama inda yake, an dai buga sabo a ƙarƙashinsa an rufe magana.

Matsayinmu a kan wannan ɗabi'a a fili yake: kuskure ne, kuma mai tsada. Duk abin da za a rufe a daina ganinsa, wajibi ne a fara buɗe shi, a sauke abin da ya mutu, a gyara wanda ya lalace, a bari ya bushe, sannan a rufe. Kuɗin saukewa kuma cikin kuɗin aiki yake, bai kamata ya zama abin da ake fara sokewa wajen ciniki ba.

Abin da ya taso da maganar

A 'yan shekarun nan an fara tallata wani abu a Facebook da TikTok, wanda za mu kira kumfar feshi. Wanda ya taɓa ganin tsohon firij da aka fasa a wajen masu gyara ya san ta. Ita ce abin nan mai ruwan ɗorawa, mai kama da soso, da ke tsakanin ƙarfen waje da robar ciki, tana hana zafi shiga. A gine-gine, sinadarai biyu ne masu ruwa-ruwa ake turowa ta tiyo daban-daban, su haɗu a bakin bindigar feshi. Da sun sauka a jikin kwano ko katako sai su kumbura nan take, su daskare, su manne. Iri biyu ce: akwai mai laushi wadda ke iya shan ruwa, akwai mai tauri wadda danshi ba ya ratsa ta da sauƙi.

Ga wanda ya san abin da kwano ke yi mana a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kwanon da kansa kuma ya wuce digiri 60 da tsakar rana, wannan talla tana da daɗin ji. A fesa a cikin kwano, zafi ya ragu, ƙarar ruwan sama ta ragu. Gaskiya ne tana wannan aikin. Ba ta yawaita a Gaya da Ajingi ba tukuna, amma haka POP ya fara, haka silin ɗin roba ya fara: daga gidan mai kuɗi a birni, zuwa gidan mai muƙami a ƙaramar hukuma, zuwa ɗakin amarya a ƙauye. Gwamma mu yi maganar tun ba ta iso ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙasashen da suka daɗe da ita, irin su Amurka da Kanada da Birtaniya, ana shimfiɗa abin tare sanyi a sararin da ke tsakanin silin da rufi, galibi wata irin auduga ta zaren gilashi ko niƙaƙƙiyar takarda. Idan mai gida ya so ya koma kumfa, abin da ƙwararru ke fara yi shi ne kwashe wannan tsohuwar shimfiɗa da injin zuƙo ƙura da buhuna. Dalilansu uku ne. Na farko, kumfa mannewa take yi, kuma ba ta kama wuri mai ƙura ko danshi ko maiƙo. In an fesa ta a kan datti, dattin ta kama, wata rana sai ta ɓanɓaro. Na biyu, tsohuwar shimfiɗa ta sha ruwan yoyo da fitsarin ɓera na shekaru, in aka toshe rufin da kumfa aka bar ta a ciki, warin ba shi da hanyar fita sai ɗakunan kwana. Na uku, sai an kwashe ake ganin katakon da ya ruɓe da wayar da ta goge.

Illar rufe abu a daina ganinsa kuwa, Birtaniya ta ishe mu misali. An ƙiyasta gidaje kusan 250,000 ne aka fesa wa kumfa a rufi a can, wasu ma da tallafin gwamnati a shirin da ta yi daga 2020 zuwa 2021. Yau masu gidajen da dama na shan wahalar sayar da su, saboda wasu bankunan da ke ba da rancen sayen gida suna ƙin karɓar irinsu. Hujjarsu ita ce kumfa ta lulluɓe katakon rufi, mai duba gida ba ya iya ganin lafiyarsa, kuma in danshi ya maƙale a tsakani, a ɓoye katakon zai ruɓe. Cire ta kuma sai da hannu, ana kankarewa kaɗan-kaɗan, da kuɗi masu yawa.

Me ke saman silin ɗinmu?

Mu dawo gida. Mu ba mu da audugar gilashi, amma muna da namu tsofaffin shimfiɗu: silin ɗin kwali, da na falanki, da na asbestos, da tabarma ko buhun da aka buga a ƙarƙashin kwano, da kuma rufin ƙasa na azara. Wanda ya taɓa ɓalle kwali ɗaya daga tsohon silin ya haska tocila ya san abin da ke can.

Akwai tabon ruwa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tsohon silin ne ke faɗa wa mai ɗakin. Wannan zagayen tabo mai ruwan ƙasa da muke jin kunyar baƙo ya gani, shi ke nuna inda ƙusa ta saki ko kwano ya yi tsatsa ya huje. Silin ɗin roba ba ya yin tabo. Ruwa zai ci gaba da ɗiga a kan tsohon kwalin, ya jiƙe, ya yi nauyi, ya zauna a kan sabon, mai ɗaki na ƙasa yana yaba kafinta. Ranar da abin zai bayyana, yawanci a watan Agusta da ruwa ke kwana yana zuba, duka biyun ne za su sauko tare, a kan gado da kayan ɗakin da iyaye suka yi shekaru suna tarawa.

Akwai gara. Ita ba ta son haske, ta ciki take cin katako ta bar fatar waje kamar lafiya lau. Raftar da ka gani da ido ka ce da sauranta, in ka soka mata sukundireba sai ya nutse. A jikin wannan katakon ne kuma ake kafa sabon silin. Ƙusar da ta shiga katakon da gara ta cinye ba ta riƙe komai ba.

Akwai wayar lantarki. A gidaje da yawa an ja waya ne tun lokacin da kayan wutar ɗaki ba su wuce ƙwai ɗaya da fanka da rediyo ba. Yanzu an ƙara firij da dutsen guga da hita, ga sauyi tsakanin wutar NEPA da janareta da sola. Ɓera ya gwaguye robar waya, mahaɗar da aka naɗe da salatif ta saki saboda zafi. Silin ɗin roba da kumfa duk wuta na cin su ko ta narka su, hayaƙinsu kuma guba ne. Shi ya sa dokar gini a Amurka ta ce a rufe kumfa da allon da ke jure wuta a wuraren da mutane ke zama. A kwantar da irin waɗannan kaya a kan wayar da ba a duba ba, a garin da in gobara ta tashi bokitin maƙwabta ne ke fara isowa, ganganci ne.

Akwai kuma ƙazanta. Jemagu na son tsakanin kwano da silin, ɓeraye ma haka. Kashin jemage da ya taru ya daɗe yana iya ɗauke da wani nau'in funfuna wanda ke kama huhu in an shaƙi ƙurarsa. Ɓera kuwa mun san labarin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum. Warin nan da ke tashi a wasu ɗakuna da zarar rana ta take, a yi ta turare ba ya tafiya, sau da yawa daga sama yake saukowa. Sabon silin ba ya kashe shi, sai dai ya hana a share.

Soro da azara

A gidajen ƙasa, waɗanda har yanzu suke da yawa a ƙauyukanmu, maganar ta fi nauyi, nauyi na gaske. Rufin soro azara ce ta giginya ake jerawa, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa, a daɓe, a bar gangare zuwa indararo. Kowace shekara kafin damina ana hawa a yi gyara. Maginan da suka san aikinsu sukan fara kankare abin da ya saki, su buɗe tsaga su cike ta, sannan su yi sabon yaɓe. Masu gaggawa kuwa ƙasa kawai suke ƙarawa.

Mu yi lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, in aka ƙara masa ƙasa mai kaurin santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku, an ɗora wa azararsa kusan tan 1, nauyin buhun siminti 20 da 'yan kai. Wannan a bushe ke nan, in ta sha ruwa ta fi haka. A maimaita sau uku ko huɗu a kan azarar da kakanmu ya jera, wadda bakinta da ke cikin bango ya fara ruɓewa, in ta karye sai a ce ruwan bana ne ya yi ƙarfi. Kowace damina muna jin labarin ɗakin da ya rufta da mutane cikin dare a sassan jihar nan. Ƙaddara gaskiya ce, amma an koya mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Haka filastar siminti a kan bangon ƙasa. In aka shafa ta a kan tsohon yaɓen da ya riga ya saki, ba a kankare ba, ba a gyara gindin bangon da ruwa ya zaizaye ba, to da ta tsage ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki taɓo. Wata rana sai ta faɗo falle guda, ta taho da rabin bangon.

Tsohon da ba a zubarwa

Kada a fahimce mu da cewa duk tsoho abin zubarwa ne. Rufin ƙasa mai lafiya yana cikin abubuwan tare zafi mafi kyau da muke da su. Kaurinsa na sa zafin rana ya ɗauki sa'o'i kafin ya ratso, shi ya sa da azahar tsofaffi ke gudu daga ɗakin kwano su koma soro ko zaure. Wanda ya rushe lafiyayyen soro ya buga kwano, sannan ya koma neman kuɗin kumfa don ya kori zafin da shi ya gayyato, ya sayar da kare ne ya sayi biri.

Dabarar da wasu ke yi ta ɗora kwano a saman soro, rufin ƙasar ya zama silin, tana da kyau in an cika sharaɗi biyu: a duba azara a canza wadda ta gaji kafin a rufe, a kuma bar tazara tsakanin kwano da ƙasa yadda iska za ta ratsa. Da irin wannan hikima Francis Kéré, ɗan ƙasar Burkina Faso, ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001: silin na tubalin ƙasa, kwano a ɗage a samansa, iska na wucewa a tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine. Abin da ya yi a Gando, magini a Gafasa ko Shagogo zai gane shi da kallo ɗaya.

Akwai kuma tsohon da ba a taɓawa da garaje. Silin ɗin asbestos, wanda aka yi amfani da shi sosai a makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata, in yana nan lafiya bai fashe ba haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin na cikin ƙurarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kowane nau'in asbestos na jawo ciwon daji, kuma cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Don haka ba a fasa shi da guduma, ba a yanka shi da zarto, ba a huda shi don a kafa sabon silin a jikinsa. In za a sauke, a jiƙa shi da ruwa, a cire shi falle-falle ba tare da an karya ba, mai aikin ya sa takunkumin da aka yi don ƙura mai laushi, a fitar da yara daga gidan, kada kuma a ba kowa ɓaraguzan ya yi cikon ƙofar gida ko rufin akurki.

Masu cewa ba haka ba

Mun san amsar farko: kuɗi. Mai gida zai ce da ƙyar ya haɗa na silin, ina zai samo na lebura da sabon katako da mai waya? Wannan uzuri ne na gaske, ba ma raina shi. Amma saukewa ita ce ɓangare mafi araha a aikin gaba ɗaya, yini guda ne na mutum biyu. Abin da ke da tsada shi ne abin da saukewar za ta tona, shi kuwa ko an tona ko ba a tona ba yana nan, kullum ƙaruwa yake. In kuɗin ba za su isa a gyara rufi a kuma buga silin a shekara ɗaya ba, a gyara rufin bana, silin ya jira kaka mai zuwa. Ɗaki marar silin da ba ya yoyo ya fi ɗaki mai silin biyu da ke jiran Agusta.

Amsa ta biyu: lokaci. An sa rana, saura mako biyu, dangin amarya za su zo jere, ba a so su ga kwano tsirara. A nan ne al'ada ke tura mu ga rufa-rufa. Masu zuwa ganin ɗaki silin suke ɗaga kai su kalla, babu mai tambayar rafta. Ango ya san haka, kafinta ma ya sani. Amma 'yan jere yini ɗaya za su yi su tafi. Wadda za ta kwana a ƙarƙashin rufin, ta kwantar da jaririnta a ƙarƙashinsa, ita ce ba a tambaya. Da iyayen amarya za su riƙa aiko wani ya duba rufi kafin a kai gado da kujeru, kamar yadda ake aiko mata su auna labule, da an rage asara mai yawa.

Amsa ta uku ta fi ƙarfi. Wasu kafintoci na cewa barin tsohon silin na ƙara tare zafi, tunda ya zama hawa biyu. Akwai gaskiya a ciki, iskar da ke tsaye tsakanin shimfiɗa biyu na rage zafi. In an buɗe an ga tsohon a bushe yake, babu tabo, babu gara, an share samansa, an duba waya, to a bar shi, ba mu da ja. Abin da muke ƙi shi ne a bar shi don ba a so a san halin da yake ciki. Kafintan da ya ce "Bar shi kawai, Alhaji, ba komai" tun bai hau ya leƙa ba, yininsa yake tattali.

Mu kuma yi wa masu sana'a adalci. Yawancinsu jinga ake ba su. In mun matse farashi har saukewa ta zama asara a gare su, mu muka koya musu rufa-rufa. Mai gida ya ware kuɗin saukewa daban, ya faɗe shi da baki tun wajen ciniki, ya kuma tsaya ya ga an yi.

Yadda aikin ya kamata ya tafi

Aikin rani ne. A fitar da kaya, a ɓalle silin, a yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, mai sharar ya rufe hanci da baki ya sa safar hannu. Da rana tsaka a rufe ƙofa da taga a ɗaga kai: duk inda haske ya ɓullo a jikin kwano, nan ruwa zai bi. A bi katako ɗaya bayan ɗaya ana soka masa ƙarfe, wanda ya nutse a canza shi, sauran a shafa musu maganin gara. A kira mai waya ya sake duk mahaɗa, ya zura wayoyi cikin bututu. In akwai jemagu, a bari su fita da magariba sannan a toshe hanyarsu da raga, wadda za ta bar iska ta wuce. A bar wurin ya bushe. Sannan a buga sabo, a kuma bar ƙofar leƙe, gurbi ɗaya da ake iya ɗagawa, don a riƙa dubawa kafin kowace damina.

In kuma kumfa ce, kwanon da ya yi tsatsa ko yake yoyo a canza shi tukuna, kada a mai da ita facin rufi. A tambayi mai feshin wace iri ce, da me kuma zai rufe ta saboda wuta. Kowa ya bar gidan lokacin feshi har aƙalla kwana ɗaya bayansa, domin tururin sinadarin na iya jawo ciwon asma. In ka ga mai feshin da kansa bai sa abin rufe fuska ba, bai san abin da ke hannunsa ba, ka sallame shi. A tuna kuma duk katakon da ta lulluɓe an daina ganinsa ke nan, a ƙasar da gara ba ta hutu.

Ina ruwan marubuci?

Ruwansa da yawa. A gidaje da dama mu ne masu karanta takardar da ke jikin kaya, mu ake tambaya, "Wai abin nan da ake nunawa a waya gaskiya ne?" In muka tura tallar kumfa a zauren WhatsApp na dangi ba tare da sharuɗɗanta ba, mun zama 'yan talla marasa albashi.

Mu kuma duba labaran da muke rubutawa. Gidan jarumi kullum falo ya sha POP, sanyin AC na ratsa jiki. Gidan talaka kuwa jimla ɗaya muke ba shi, ɗan akurkin gidan ƙasa. Ke nan mun koya wa mai karatu cewa ƙasa talauci ce, abin da ke sheƙi shi ne arziki, ko me ke bayansa. Yarinyar da ta karanta irin wannan labari 50 ba za ta yarda a kai ta soro ba ko da ya fi sanyi, saurayin ma ba zai iya cewa silin ya jira baɗi ba. Muna da hannu a cikin abin da ido ke so.

Ga kuma kalmomi. Azara, indararo, zanko, rawani, tubali, makuba, laso, bakan gizo, ɗaurin guga. Mu nawa ne za mu iya sa kowace a jimla daidai? Wannan ilimi ne ya tsayar da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, shi ya tsayar da Gidan Makama a Kano. Maginan da suka gaje shi suna nan a Gaya da Ajingi, suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Tarihi ya ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka taso, wato garin masu sana'a ne tun asali. Bai dace 'ya'yansa masu alƙalami su kasa faɗin sunan abin da ke riƙe da rufin gidansu ba.

Labari ma yana nan. Angon da ya san raftarsa ta mutu amma saura kwana goma biki. Kafintan da ke tsakanin gaskiya da jinga. Uwar da ke kwana ido biyu duk daren da hadari ya haɗo. Rikici ne na gaske, irin wanda muke tafiya nema a Dubai da Abuja.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya nemi magini ko kafinta ɗaya a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, in kun buɗe tsohon rufi me kuka fi tararwa?" Ya rubuta amsar da kalmomin mai sana'ar, kada ya gyara masa Hausa. Wanda kuma ake shirin gyaran ɗaki a gidansu, ya roƙi a ɓalle kwali ɗaya a haska tocila kafin a buga ƙusar farko.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da rushewar gini, Ya sa wa masu sana'a albarka a nemansu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.